Bodin janwe haɗin gida da tsoma shi a tutiya: yadda na ga aikin mai walda da na kamfanin

Duk inda na faka motar nan sai an samu wanda ya ƙwanƙwasa bodin ya tambaye ni ko alminiyam ne, ko kuma daga waje aka shigo da shi. Ba alminiyam ba ne, kuma ba daga waje ba. Baƙin ƙarfe ne na kasuwar Kofar Ruwa, a wani garejin walda nan cikin Kano aka haɗa shi, daga nan aka tura shi Legas aka tsoma a narkakkiyar tutiya, abin da masu harkar ke ce wa galbanaizin. To wurare biyu ke nan suka ci kuɗina, garejin da kamfanin, kuma kowanne zan faɗi yadda na ga aikinsa ba tare da na kama suna ba, don akwai inda suka burge ni akwai kuma inda raina ya ɓaci.

Motar dai Mitsubishi Kanta ce tokumbo, mai batir biyu, ta zo da bodin akwati irin na ɗaukar kaya muka sauke shi muka sayar. Abin da nake so shi ne shimfiɗaɗɗen bodi mai gangara a wutsiya, wanda za a ja mota da winci ta hau gabaɗaya, ba irin tsohuwar janwen nan mai ƙugiya da ke ɗaga gaban mota ta bar ƙafafun baya suna bin titi ba. Motocin yanzu yawanci otomatik ne, in ka ja su da nisa alhali ƙafafun da injin ke juyawa suna bin titi ka kashe wa mutum giya, wanda ya san ciwon motarsa ba zai yarda ka sa mata ƙugiya ba. Aikinmu kuma yawanci kan hanyar Zariya zuwa Kaduna ne da ta Wudil, sai cikin gari lokacin damina da ruwa ke kashe motoci a kan titi.

Ogan waldan dattijo ne, ya daɗe yana haɗa bodin tifa da na motocin shanu, amma janwe irin wannan bai taɓa yi ba kuma bai ɓoye min ba. Abin da ya fara ja min hankali shi ne da ya zo ganin motar bai fara da maganar kuɗi ba, ƙarƙashi ya shiga da tef yana auna casis, ya fito ya ce "Alhaji, ni ba na walda a jikin casis, kuma ba na huda leɓensa na sama ko na ƙasa, in wani ya ce zai yi maka haka ka ɗauke motarka." Gaskiyarsa ce, casis ƙarfe ne da aka yi don ya riƙa ɗan murɗawa in mota ta faɗa rami, in ka ƙona shi da walda a nan zai fara tsagewa. Sai ya yi wa bodin nasa firam daban da canel guda biyu, wato dogayen ƙarafa masu kwari a tsakiya, da suka kwanta kan casis ɗin, aka sa roba a tsakani, aka ɗaure da yu-bol, ƙarfen ɗauri mai siffar U, da kuma faranti a gefe masu noti ta ramukan da kamfani ya riga ya huda. Wannan kaɗai ya sa na ji kuɗin aikinsa ya halatta.

Tsawon bodin mita 5 ne da ɗan ɗori, faɗi kuma mita 2.2. Ƙarafan da suka gitta sukwaya faif ne mai kaurin milimita 3, daɓen kuma ceka filet, wato fallen ƙarfe mai ƙananan tudu-tudu. A nan muka yi ta ja da shi, shi yana son filet mai milimita 4 ko ma 5 saboda ya saba da tifa da ake zuba wa dutse, ni kuma ina lissafin nauyi, don filet mai milimita 3 kowace murabba'in mita ya haura kilo 23, ka ga daɓen kaɗai ya doshi kilo 260 tun ba a zo kan firam da winci da tsanin hawa ba, in ka ƙara milimita ɗaya ka ɗora wa motar kilo 80 da wani abu da za ta yi ta yawo da shi har ta mutu. Kanta ba tirela ba ce. Duk kilon da bodi ya cinye an rage shi ne daga motar da za ka ɗauka, Corolla ba ta da matsala don ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, amma ranar da aka kira ka kan Hilux mai kusan tan 2 ko Land Cruiser da ta fi haka za ka ga sifirin ya miƙe ka ji sitiyari ya yi sakayau. A ƙarshe 3 muka sa, ya matso da ƙarafan gittawa kusa da juna a daidai layin da taya ke bi.

Sayen ƙarfe shi ma sai da ido. A kasuwa za a ce maka wannan faif 3 ne ka auna ka ga 2.5 ko ƙasa da haka, ba kowa ke yi ba amma ana yi, shi ya sa ogan ya tafi da ma'auninsa a aljihu yana gwada bakin kowane faif kafin a ɗora a kura. Yaran shagon har haushinsa suka riƙa ji.

Inda aka yi rigima sosai shi ne maganar huji. Tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya na kira kamfanin tutiyar, injiniyansu ya turo min sharuɗɗa ta WhatsApp, kuma sharaɗi na farko shi ne duk wani faif da aka toshe bakinsa dole a huda shi kai biyu, ɗaya a kusurwar sama ta wannan kan, ɗaya a kusurwar ƙasa ta wancan kan, kada hujin ya gaza milimita 10, gara ma ya fi. Da na nuna wa ogan sai ya ajiye gilashin waldarsa ya ce "Haba Alhaji, shekara nawa ina toshe faif don kada ruwa ya shiga, yau ka ce in huda shi da hannuna?" Sai da injiniyan ya yi masa bayani da kansa a waya, da guntun Turanci da guntuwar Hausa. Tutiyar da ke cikin kwamin zafinta ya kai digiri 450, in aka tsoma rufaffen faif mai ɗan danshi ko ragowar asid a ciki, danshin zai zama tururi nan take, ba shi da hanyar fita, faif ɗin ya fashe ya watsa wa ma'aikata narkakken ƙarfe. Ban da wannan ma, iskar da ke ciki za ta hana kayan nutsewa, kuma amfanin aikin ai shi ne tutiya ta shiga ciki ta wanke bangon faif ɗin ta fito. Da ya gane sai ya fi ni zaƙewa, har gefen ƙananan farantan kusurwa ya bi ya yanke musu ɗan lungu don kada tutiya ta taru a wurin ta daskare.

Sauran sharuɗɗan su ne suka nuna min cewa bodin da za a tsoma tun daga zane ake shirya shi, ba wai ka gama abinka ka ɗauka ka kai ba. Babu fenti ko kaɗan, ko jan fentin nan da masu walda ke saurin shafawa da zarar sun gama. Ko rubutun maka mai mai da ake yi a jikin ƙarfe a kasuwa sai an goge, don asid ɗinsu tsatsa yake ci, ba ya cin fenti. Kashin walda ma haka, sai an bi kowane layi da guduma da buroshin waya, in an bari tutiya za ta tsallake wurin ta bar baƙin tabo. Sai kuma inda ƙarfe biyu suka kwanta kan juna, ko dai a zagaye da walda a rufe ruf in wurin ƙarami ne, ko a bar tazara, saboda asid na maƙalewa a tsakani daga baya ya riƙa tsattsafowa da ruwan tsatsa. Ramukan noti kuma a buɗa su da ƙarin milimita ɗaya ko biyu, haka ma hinjin tsanin hawa a ba shi sarari.

A nan ne garejin ya ɗan gaza. Ogan da kansa in ya riƙe waya layin waldarsa santsi ne, amma rabin aikin yaransa ne suka yi, kuma akwai ranakun da wutar Nefa ba ta da ƙarfi suka ƙi tayar da janareta don tsimin mai, waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, ƙasan bodin inda suke ganin ba mai leƙawa nan suka fi yin aika-aika. Na sa an gurje wurare da dama an sake. Lokaci kuma kada ma a yi magana, abin da aka ce sati uku sai da ya ninka, kullum "gobe in sha Allahu Alhaji", alhali ina gani an shigo da ƙofofin wani gida an ajiye nawa. Sai dai bai ƙara min ko kwabo kan abin da muka yi ciniki ba duk da sake aikin da aka yi, wannan na yaba masa.

Dabarar da ta fi min amfani ita ce bodin ba dunƙule ɗaya aka yi shi ba. Firam ɗin ƙasa daban, daɓe gida biyu, allon gaba mai ɗauke da fitila daban, gadon winci daban, tsani biyu, duk da noti ake haɗa su. Dalili biyu ne, kwamin kamfanin yana da iyakar faɗi da zurfi, abin da ya fi shi sai a tsoma rabi a juya a tsoma ɗaya rabin, wanda kuɗinsa ya fi kuma ya fi sa ƙarfe murɗewa, sannan ga jigila, Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ce, gunduwa-gunduwa ta fi sauƙin samun gurbi a tirela. Kowace gunduwa sai da muka buga mata lamba da ƙarfen bugu, tunda rubutu ba zai tsira ba.

Na bi kayan da kaina don in gani da idona. Kamfanin yawancin aikinsu ƙarafan turakun sadarwa ne da na wutar lantarki da shingen titi, don haka nawa ɗan ƙaramin aiki ne a wurinsu, kuma sun nuna min hakan, sai da suka gama da wani babban kwastoma kafin aka waiwaye ni. Amma wurin aikin kam abin kallo ne. Dogayen kwamaye ne a jere, ƙugiya daga sama tana ɗaukar kaya a rataye da waya, a fara da ruwan soda mai cire maiƙo, a ɗauraye, a sa a asid har ƙarfen ya fito fes launin toka, a sake ɗaurayewa, a tsoma a wani ruwan gishiri da ke taimaka wa tutiya kamawa, a busar, sannan a nufi kwamin ƙarshe. Daga nesa suka tsayar da ni. A karkace ake sauke firam ɗin a hankali, yana taɓa tutiyar ka ji tartsatsi da fashe-fashe, farin hayaƙi ya tashi, ramukan nan da muka yi ta rigima a kansu suna huci suna tofar da iska ɗaya bayan ɗaya har ya nutse. Minti kaɗan ne. Wasu ma'aikata biyu da dogayen ƙarafa suka share tokar da ke saman kafin a ɗago, ya fito yana ƙyalli tutiya na zuba ta hujin ƙasa.

A kilo suke caji, kuma bayan an tsoma ake aunawa, wato har nauyin tutiyar da ta hau kai kai za ka biya. Na nemi a gwada kaurin a gabana, mutumin ya kawo wata 'yar na'ura yana ɗorawa wuri-wuri. Ƙa'idar ISO 1461 da suka ce da ita suke aiki ta ce ƙarfen da ya haura milimita 6 matsakaicin kaurin tutiyarsa ya kai maikron 85 (maikron dubu ne milimita ɗaya), wanda ya haura 3 zuwa 6 kuma 70, daga 1.5 zuwa 3 kuwa 55, nawa duk inda aka ɗora ya wuce. Launin dai bai zo ɗaya ba, faif ɗin ya yi ƙyalli da zanen nan kamar na bokitin ƙarfe, canel ɗin kuma ya fito toka-toka dusu-dusu, na ɗauka ha'inci ne, ashe yawan silikon da ke cikin ƙarfen ne ke jawo haka, kuma mai dusu-dusun ma sau da yawa ya fi kauri. Yanzu duk sun koma toka ɗaya.

Abin da bai yi min daɗi ba shi ne daɓen. Ɗaya daga cikin gida biyun ya fito a kumbure a tsakiya gefensa ya ɗaga kamar busasshen ƙirgi. Siririn filet yana saurin ɗaukar zafi ya buɗe kafin kakkauran ƙarfen da aka liƙa shi a kai, to dole wani wuri ya ba da kai. Kamfanin sun ce sun rubuta a takardar cewa ba ruwansu da lanƙwasa, gaskiya ne an rubuta, amma injiniyan da ya ɓata lokaci yana koya mana huji bai taɓa cewa a tsoma filet daban da firam ba, alhali na turo masa hoto tun ana haɗawa. Da na yi ƙorafi sai ya ɗaga kafaɗa. Haka kuma sun bar tsinin tutiya a gefen ƙasa inda ta ɗiga ta daskare, masu kaifi ne sosai, ɗaya ya yanki yaron da ke taya mu lodi a tafin hannu, kuma gogewa aikinsu ne ba nawa ba. Ga shi sun jibge kayan a fili ɗaya kan ɗaya ruwan Legas ya sauka a kai, inda suka manne ya yi farin gari, farar tsatsa ke nan, ba ta ci ciki ba buroshi ya fitar da ita, amma mutum ya biya kuɗi mai yawa bai kamata ya karɓi kaya haka ba.

Da muka dawo Kano ogan ya sake nuna shi gwani ne. Jak da sarƙa da katako ya sa ya danne daɓen a hankali yana ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe har ya kwanta, saura ɗan tudu da sai na nuna maka za ka gani. Notin da aka liƙa a jikin firam duk zarensu ya cike sai da aka sake bi da tap, ƙarfen fitar da zare, wasu ramukan magudanar ruwa ma sun toshe aka huda. Wuri biyu ne dole aka yi sabuwar walda, wajen maƙalar fitilun baya, sai da aka gurje tutiyar tukuna kuma a waje cikin iska, don hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, yaran suna ta cewa a sayo musu madara ita ce magani, na sayo musu don a zauna lafiya amma na sa sun ɗaura abin rufe hanci, madara ba ta tare hayaƙi. Inda aka ƙona muka shafe da fenti mai garin tutiya. Winci na lantarki ne mai fam 12,000, wajen tan 5 da rabi, kuma mai wayarin ya ja masa wayar at, wato ta negatif, kai tsaye daga batir maimakon ya dogara da jikin bodi. Sauran bodin ban yi masa fenti ba sam, don fenti na yau da kullum ba ya zama kan sabuwar tutiya sai da firama ta musamman, tef mai ƙyalli ja da rawaya kawai muka manna saboda 'yan Road Safety da kuma tsaron kai da dare.

Yanzu bodin ya ga damina biyu. Ƙasansa da ke shan taɓo da tsakuwa babu ɗigon tsatsa, inda ƙugiyar sarƙa ta karce ma bai yi ja ba, saboda tutiyar da ke kewaye ita ke fara ciwuwa ta kare ƙarfen. Wani abokin sana'a da ya yi nasa kusan lokaci ɗaya da fenti har ya sake feshi, kuma bakin faif ɗinsa ya fara zubo jan ruwa daga ciki, inda buroshi ba ya kaiwa. Amma fa ba tsafi ba ne. Motar hatsari in batirinta ya fashe asid ya zubo kan daɓe, cin tutiyar yake yi, akwai wani tabo gaban hagu da muka bari ya kwana, yanzu duk motar da aka sauke sai an watsa ruwa. Kan tsanin hawa inda rim ɗin mota marar taya ke gurza shi ma ya fara sirancewa. Sannan sabon daɓe in baƙin mai ya zuba ga ruwan sama santsi ne da shi na gaske, sai da muka riƙa yawo da buhun yashi.

Maganar ko ya cancanci kuɗinsa, a nan Arewa sai mutum ya yi lissafi da kyau, don iskarmu busasshiya ce, ƙarfe ba ya ruɓewa da sauri kamar a Legas ko Fatakwal da ke shan iskar gishiri, kuma in ka haɗa kuɗin kilo da tirela zuwa da dawowa da zaman jira abin ba kaɗan ba ne, ni jigilar ce ma ta fi ba ni ciwon kai. Wanda zai yi shekara biyu ya sayar da motar, ya yi feshin yashi da firama mai kyau da fenti ya huta. Wanda kuma yake son bodin da zai cire daga wannan casis ya ɗora kan wani in injin ya gaji, to ya tsoma firam da ƙarafan gittawa da tsani, filet ɗin daɓe kuma ya tsoma shi daban a matsayin falle ko ya bar shi da fenti, tunda shi a fili yake ana ganinsa ana iya gyarawa. Garejin zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda yaran da saɓa alkawari, kuma in ka kai aiki ka ce ogan da kansa zai yi waldar gadon winci da maƙalan casis, ka kuma riƙa leƙa ƙasa da tocila kafin a juya bodin. Kamfanin uku, tutiyarsu ba algus, amma ka rubuta a takardar ciniki cewa su za su goge tsini kuma a ajiye maka kaya a ƙarƙashin rumfa da katako a tsakani, ka kuma tambayi tsawo da faɗi da zurfin kwaminsu tun kafin ka je Kofar Ruwa.